Sawun Kare a Dardumar Liman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shimfiɗa wa liman sawun kare a gaban jama'a ba. A Fegge aka yi, cikin Anacha, wajen ɗaurin auren ɗan Sarkin Fawa. Ba wanda ya sa ni. Ni na kai kaina.

Ni baduku ne. Kuben wuƙa nake ɗinka wa mahauta, sai ɗan gyaran jaka da takalmi. Na daɗe a kudu. Gobara ta ci mini rumfa, ambaliya ta ci wata, matata ta tafi ganin gida ba ta dawo ba. Duk na shanye. Abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. Bayan magariba magidantan unguwa kan haɗa kwanukansu a tabarmar ƙofar masallaci su ci tare, ni kuwa in ci nawa a rumfa ina kallon bango. Ba korata aka yi ba. Ba a dai taɓa ce mini "matso" ba, ni kuma ban iya cusa kai ba.

Wata rana Oga Obi, wani Ibo mai kayan gwanjo a bakin kasuwa, ya ƙwala mini kira. "Aboki, zo ka ga kayanka!" Tsohon gwangwanin fenti ne cike da ƙarafan buga ado, irin waɗanda ake ɗorawa a kan fata a doka da guduma zane ya fito. A kwantena suka zo, duk sun yi tsatsa. Na ɗago ɗaya na ce wannan zanen mene ne.

Ya ce, "Ni na sani? Ƙarfe ne. In ba ka so, masu narkawa suna so."

Na ɗauka.

Na jiƙa su a kananzir, na goge bakin kowanne da burushin waya. Sai in yayyafa wa guntun kirgi ruwa, in buga, in ga abin da ya fito. Masu kyau gefe guda, masu karyayyen baki gefe guda, waɗanda ban gane ba su ma da tarinsu. A jikin kowanne akwai rubutun boko, mai yiwuwa sunansa ne, amma ni da rubutun nan sai kallo. Don haka na raɗa musu nawa: Igiya, Ganye, Saƙar Tabarma, Haƙorin Zarto. (Har hira nake yi da su. Wanda yake zaune shi kaɗai ya san zancen.)

Akwai wani ɗan ƙarami da ya fi shiga raina. Gindi ɗaya mai kauri, da 'yan kunnuwa huɗu a samansa. Na kanne ido na dube shi, don idona ya fara rauni kuma na ce tabarau na malamai ne. Na ce wannan ai fure ne. Na sa masa suna Fure. Ga tela nan a rumfar da ke jikin tawa, taku kaɗan ne in nuna masa. Ban nuna ba.

Cikin kwanakin ne Sarkin Fawa, Alhaji Tanko, ya zo karɓar kube. Har ya juya sai ya ce, "Baduku, ran Asabar akwai ɗaurin aure, ka zo." Ban taɓa samun gayyata baki da baki ba. Na ce ba zan je hannu sake ba. Zan yi wa liman dardumar fata, irin wadda in an gani za a tambayi wa ya yi, daga nan a san akwai mutum a rumfar can.

Na zaɓi jan kirgi mai laushi. Na zagaye bakinsa da Igiya, na sa Ganye a kusurwa. Tsakiya ta yi fili da yawa, sai na ɗauko Fure. Da farko na so in jera shi a miƙe, na ga ba fasali. Sai na riƙa buga ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya hagu, wai yaɗo nake yi kamar na kabewa, tun daga inda ake sa ƙafa har inda goshi ke sauka. (Ka lura, a zaune na yi aikin, hancina a kan fata. Ko sau ɗaya ban miƙe na kalle shi daga nesa ba.)

Ranar Asabar na sa rigata ta salla. Aka shafa fatiha, aka fara rabon goro da alawa, sai na miƙe.

"Allah gafarta Malam, ga ɗan abin da hannu ya iya."

Da kaina na warware ta a gabansa. Wuri ya yi tsit. Na ce a raina kyau ne ya ɗaure musu baki. Liman, tsoho mai haƙuri, ya sunkuya ya gyara tabarau. Ya ce, "Ikon Allah."

Sai Ɗanjuma ya leƙo. Mahauci ne, kullum cikin korar karnuka yake a kwata.

"Baba Baduku, a ina ka shanya fatar nan?"

Na ce, "A ɗaki."

"To ƙofa a buɗe ka bari."

Wani ya ce, "Kwikwiyo ne ma, dubi ƙafar." Wani daga baya ya ce, "Amma yana da ladabi, bai kauce layi ba har wajen sujada."

Da na yi shiru da ya fi. Sai na buɗe baki na ce, "Fure ne."

Ɗanjuma ya ce, "Baba, furen nan yana haushi?"

Ango ya cusa fuska cikin babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Na ja da baya, na dubi dardumar daga tsaye. Kare ne. Kamar yanzu ya bi ta kan ɗanyen siminti. Sawun da na gani a taɓo tun ina yaro, shi na zauna na buga da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi.

Liman ya naɗe ta, zanen a ciki. Ya ce, "Niyya ake dubawa. Allah Ya saka da alheri." Ya miƙa wa ladan, ladan ya riƙe ta nesa da jikinsa. Sarkin Fawa yana share hawayen dariya ya bubbuga tabarma kusa da shi.

"Matso nan, Baduku, ga shinkafa."

Na ce na bar wuta a rumfa. Ba wata wuta. Na ɗauki takalmana a hannu, sai da na sha kwana na sa su.

Bayan nan duk mahaucin da ya zo karɓar kube sai ya ce a sa masa fure. Ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Damina ba ta ƙare ba na ɗaure kayana na hau motar Fatakwal, ban sallami kowa ba. Sai da na yi nisa na gane cewa tun zuwana Fegge ba a taɓa tsokanata ba sai ranar. Da na zauna na ci shinkafar nan, da sun yi ta yi har su gaji, da yanzu ina da kwano a tabarmar.

Abin da na koya ba yawa: ƙarfen gwanjo, kafin ka doka shi a fatar kirki, miƙe tsaye ka duba, sannan ka nuna wa mutum. Wahalar dai samun mutumin. Yanzu ina unguwar Rumuokoro, cikin Fatakwal, a wata inuwa gefen tasha. In na sayi sabon ƙarfe nakan nuna wa direbobin keke mai ƙafa uku masu jiran layi. Ko me na nuna musu sai su ce ya yi kyau, ba tare da sun kalla ba.