Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Harbi In Idonka Ya Fara Cin Amanarka

Wani dare a makiyayar bazara na ji wani sauti daga tantin maƙwabcina Toktosun: ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako ya haɗiye agogo. Ashe sabon ma'aunin nisansa ne ya kwana da shi a hammata. Shekara arba'in Toktosun ne maharbin yankinmu. Yau ko rafin bayan garke da kunne yake saninsa, kuma ya gwammace ya mutu da a gane. Na zauna na nazarci dabarunsa. Kai da idonka ya fara dushewa, bi matakan nan, na rantse sunanka ba zai taɓa ƙasa ba.

Na ɗaya: Sayi ma'aunin nisa mai yawan lambobi

Kada ka tambayi mai shago a garin Narin ko abin na da ƙarko. Tambaye shi lamba nawa yake nunawa. Toktosun ya sayar da goɗiya ya sayo mai faɗin nisa, da gangare, da wani abu na uku da har yau ba mu san sunansa ba. Lambobin ba ya ganinsu, amma wa zai leƙa? Ɗora a ido, yi shiru, ka ce, "Ɗari huɗu da sha biyu." Kada ka ce ɗari huɗu cif. Maƙaryaci ne kaɗai lissafinsa ke cika.

Na biyu: Haɗa da 'yar fankar auna iska

Kakanninmu da gemu suke sanin iska. Gemu kyauta ne, shi ya sa aka daina yarda da shi. Ranar da kerkeci ya ɗauke wa Orozbai, mai garken da ke kusa da mu, tunkiya ta uku, ya zo wurin Toktosun a guje, yana kiransa aba, yadda muke girmama babba.

"Toktosun-aba, ga shi can kan tudu, harba mana."

Tsoho ya ɗaga fanka, ta yi ta juyi.

"Ƙanena, da wannan iskar harsashin a ƙasar Sin zai sauka. Kai za ka je ba su haƙuri?"

Na uku: Waya mai lissafin harsashi

Zaɓi mai yawan tambaya: tsayin dutse, sanyin gari, nauyin harsashi. Kafin ka gama ba ta amsa, kerkeci ya ci, ya sha ruwa, ya koma ya gaida iyalinsa. In matarka irin Burul ce ta Toktosun, za ta ce, "Tsoho, kai ne maharbin ko wayar? In ita ce, ita zan zuba wa shayi." Kada ka tanka. Masana ba sa jayayya da mai riƙe da buta.

Na huɗu: Bar batir ya ji sanyi

Batirin da sanyi ya kashe ya fi shaidu goma. A nan Toktosun ya yi kuskure: son abin ya kama shi, yana ɗumama shi kamar jinjiri.

Na biyar: Guji ranar da komai ya yi daidai

Ta zo masa ran wata Laraba. Iska ta kwanta, batir cike, Orozbai ya rasa tunkiya ta bakwai ya taro maza shida. Kerkeci yana tsaye a sararin Allah, ta ɓangaren yamma. Toktosun ya kwanta rub da ciki, ya auna, ya latsa waya, ya ja numfashi, ya harba gabas. Wani dutse mai ruwan toka ya yi ƙura, daidai tsakiyarsa. Wallahi ban taɓa ganin harbi mai kyau irinsa ba.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, fuska cike da murmushi.

"Ya faɗi ko?"

Kowa ya sami abin dubawa a takalminsa.

Gargaɗi

Ni aji uku na yi, kuma abin da na taɓa harba bai wuce ƙwallon tsumma ba. In ka bi matakan nan ka rasa goɗiya, ko tumakin maƙwabta, ko abin da ya fi su, ba ruwana. Kada kuma ka kawo mini tambayar da Orozbai ya yi da yammacin wannan Larabar, muna zaune Burul tana zuba shayi. Ya miƙa wa tsoho kofi, ya ga hannunsa yana lalube a gefe, sai ya kama hannun ya ɗora masa a kai, ya sassauta murya.

"Aba, tun yaushe?"