Ɗan Sama Jannatin Mandawari

Idan ana lissafin manyan masanan da Allah ya albarkaci birnin Kano da su, rashin adalci ne a tsallake Malam Tajuddeen Gwadabe na Mandawari. Wasu fiƙihu suka karanta, wasu nahawu, wasu suka ƙware a rini ko dukanci. Shi Malam Tajuddeen sanyi ya karanta. Kuma bai tsaya a littafi ba, har garinsu sanyin ya bi shi. Shekara shida da suka wuce, a hanyarsa ta zuwa umara, jirginsu ya yada zango na awa huɗu a Santambul, kuma ta gilashin filin jirgin ya hango wani abu fari-fari a kan rufin wata mota. Abokan tafiyarsa suka ce kumfar wanki ce. Shi ya ce ƙanƙara ce. Tun daga ranar, duk zancen da zai yi, ko na tsadar albasa ne, sai ya fara da, “Mu da muka zauna a Turai…”

Aikinsa jera fayil ne a wata ma'aikata da ke bayan Ƙofar Ruwa. Abin hawansa kuwa wani babur ne roba-roba, mai tari kafin ya tashi. Daga gida zuwa ofis minti goma sha biyar ne idan hanya ta yi kyau. Amma shi ba ya cewa zai tafi aiki, sai dai ya ce zai yi balaguro.

Da zarar ɗari ya shigo, sai makarantarsa ta buɗe a teburin Ilu mai shayi, bayan an idar da sallar asuba. Ɗalibansa ba su taɓa neman shiga ajin ba, shayi kawai suka zo sha. Zai gyara tsayuwa, ya dafa tumbinsa, ya dubi bayin Allah da suka ƙudundune cikin mayafai, ya girgiza kai don tausayi.

“Ku mutanen nan ba ku san sanyi ba, jin sa kawai kuke yi. Sanyi iri uku ne. Akwai mai shiga ta wuya. Akwai mai shiga ta hannun riga. Sannan akwai munafukin, mai biyowa ta ƙafar wando. A kan babur kuwa iska ninka shi take yi. Idan kana gudun arba'in, to ka ƙaddara a cikin firij kake, an ɗaura masa taya. Maganinsa kuwa hawa-hawa ne, kaya a kan kaya. Na ciki ya shanye gumi, na tsakiya ya riƙe ɗumi, na waje ya tare ruwa.”

Ilu ya ɗago daga fifita gawayi ya ce, “Yallaɓai, wane ruwan? Rabonmu da ruwan sama fa wata uku.”

“Ka ji ba! Irin tambayar wanda bai taɓa fita ba ke nan. Raɓa fa? Indararon gidajen mutane fa? Matar da za ta watso ruwan wanke-wanke ba sallama fa? Mai ilimi ba ya jira sai ya jiƙe sannan ya nemi dabara.”

Majalisa ta yi masa naɗi nan take. Wasu suka ce Farfesan Ɗari, wasu suka ce Gwamnan Muku-muku. Shi kuwa duk ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa yabo ne ya zo a makare.

Ana nan sai ga shi ran nan ya dawo daga wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, rungume da wata halitta. Riga ce da wando a haɗe, ruwan goro, tana ƙyalli tana ƙara kamar ledar shinkafa, da zif guda ɗaya tal daga maƙogwaro har cinya. Ya ce a gabansa aka fasa dilar, kuma a duk Kano babu mai irinta. Wannan kam ba a yi masa musu ba.

Don kada a ce cika baki ne, ya shirya gwaji a bainar jama'a. Ya shiga cikin rigar, ya tsaya a tsakiyar lungu, ya buɗe hannuwa, ya umarci Ilu ya sheƙa masa bokiti guda na ruwa. Ilu, wanda ya shekara shida yana jiran irin wannan dama, ya cika bokitin har baki, ya yi bisimilla, ya kwara masa. Ruwa ya gangare, bai shiga ba ko ɗigo. Mutane suka yi kabbara. Ilu ya nemi a ba shi izinin ƙarawa da na biyu, don a tabbatar. Tun daga ranar sunan ya koma Ɗan Sama Jannati, kuma har awakin unguwa suka san shi, don da sun hango shi sai su tsinke igiya.

To, a daidai wannan lokacin ne aka kawo sabuwar darakta ma'aikatarsu, Hajiya Bilkisu, wadda aka ce ta yi shekara bakwai tana karatu a Jamus. Ta zo ta tarar kujerar shugaban sashen motoci babu kowa, ta ce duk mai so ya zo intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma. Mutum biyu suka nema: Malam Tajuddeen, da wani Umair, mutum shiru-shiru wanda bai san komai ba sai motocin. Kujerar nan ba wasa ba ce. Akwai ofis mai labule, akwai fanka, akwai kuma mutanen da dole su miƙe idan ka shigo. Shekara goma sha ɗaya Malam Tajuddeen yana mafarkinta.

Ya ce wa matarsa Lauratu, “An gama. Ɗan Turai ne kaɗai ke gane ɗan Turai. Tana ganin shigata za ta san ta gamu da ɗan'uwa.”

Ranar Talata gari ya waye da sanyin gaske, irin wanda ke sa mutum ya tsaya yana kallon buta yana shawara da ita. Malam Tajuddeen ya leƙa tsakar gida, ya hura iska ya ga hayaƙi ya fito daga bakinsa, ya yi murmushin manomin da ya ga hadari.

Aka fara shiri. Ya mulke jikinsa da basilin har yana zamewa daga kan tabarma. Ya sa singileti biyu. Ya sa dogon wando na ulu, ya cusa ƙafafunsa cikin safa uku saboda munafukin. Ya ɗora suwaita, ya ɗora wata suwaitar, sannan farar shaddarsa ta intabiyu wadda ta sha guga, sannan kwat, sannan ya naɗe wuya da hirami. Daga nan Lauratu ta riƙe rigar ruwan goro, ya shiga da ƙafa ɗaya, ya shiga da ɗayar, ta dafa masa ƙirji da gwiwa ta ja zif ɗin da ƙarfin tsiya har ya kai maƙogwaro.

Ta share goshi ta ce, “Abban Bahijja, rana fa za ta fito anjima. Ko ka rage suwaita ɗaya?”

“Lauratu, ke a tuwo ba na yi miki gyara. Ki bar min fannina.”

Saura ɗumin ciki. Ya sa aka karɓo masa shayin Ilu, mai citta da kanumfari da masoro, ya shanye kofi uku a tsaye, domin zama ya riga ya gagara. Aka zura masa takalmin ruwa, da safar hannu biyu-biyu, da hular sanyi, da hular kwano a kanta. Ya fito zaure a karkace, hannuwa a buɗe kamar an shanya shi. Ilu ne ya tayar masa da babur, sannan shi da wani maƙwabci suka ɗaga shi suka ɗora. Ya ɗaga wa majalisa hannu iya inda hannun ya yarda, ya ja.

Gaskiya ɗaya dai dole a faɗa: daga Mandawari zuwa Jakara sanyi bai taɓa shi ba. Yana wuce masu babura suna karkarwa, haƙora na haɗuwa, yana yi musu kallon likita. A ransa har ya fara tsara kalar labulen ofis.

A Jakara ya tarar da wata motar kaya ta gicciye a hanya, kurayen 'yan dako da adaidaita sahu sun cakuɗe, kowa na zagin kowa. Ya tsaya. Babur ya yi tari biyu ya mutu. Ya ɗaga ƙafa zai buga kik, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, don gwiwar da ke cikin wando uku ba ta lanƙwasuwa. Ya gwada da ɗayar, ya kusa kifewa kan tiren wata mai awara. Ya nemi taimako, amma muryar da ke fitowa daga cikin hirami da hular kwano ba ta yi kama da ta bil'adama ba. Wani tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya yi a'uziyya, ya tsallaka kwata.

Sai ya sauka ya fara turawa.

Ita kuwa rana ba ta halarci darasinsa ba, don haka ba ta san an hana ta fitowa ba. Wajen tara da rabi ta fito tarwai. Masu mayafi suka yaye, masu suwaita suka cire suka rataya a kafaɗa. Malam Tajuddeen ya kai hannu wuya zai sassauta zif. Zif ya ciji hirami ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya ja da safar hannu, ya ja da haƙori, sai ɗan mariƙin ya ɓalle ya faɗa kwata.

Nan fa rigar ta nuna nagartarta. Yadda ba ta barin ruwa ya shiga, haka ba ta barin sa ya fita. Singileti suka sha gumi suka ƙoshi, suka miƙa wa suwaita. Suwaita ta miƙa wa shadda. Abin da ya rage ya gangara ya taru a takalmin ruwa. Kafin ya kai Ƙofar Ruwa, duk takun da ya yi sai ka ji caɓal, caɓal, kamar ana wanki a ciki. Citta na ci daga ciki, rana na ci daga waje, kofi ukun nan kuma suka fara aiko da saƙon suna son fita.

Goma da rabi ya iso. Bappa, dattijon masinjan ma'aikatar, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce masu feshin sauro sai Asabar. Da ƙyar ya cire hular kwano aka gane shi. Bappa ya ce ya tsaya a nemo reza a fitar da shi. Malam Tajuddeen ya ce a'a, ai shigar ita ce rabin intabiyun.

Ya shiga. Hajiya Bilkisu na zaune da wasu manya biyu. An ba shi kujera, ya ce ya fi son tsayuwa, haka ake yi a can. Ta tambaye shi mota nawa ma'aikatar ke da su, nawa ne kuma ke kan hanya.

“Ranki ya daɗe, kafin mu zo kan mota, mu da muka zauna a Turai mun san cewa direba shi ne mota. Kuma direban da sanyi ya shiga, ko ruwa ya taɓa, ya tashi daga aiki. Ni da kike gani, yau shekara shida ɗigon ruwa bai taɓa jikina a kan hanya ba.”

Yana faɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan fayil ɗin da ke teburinta. Ɗaya daga cikin manyan ya janye kofinsa. Malam Tajuddeen ya ɗaga yatsa zai shiga bayanin sanyi iri uku, sai ya ga daraktar ta zama biyu, sannan ta zama huɗu. Ya kai iri na biyu ke nan ɗakin ya juya. Ya tafi luu, ya zube, da wata ƙara kamar an yar da salkar ruwa.

Bappa ne ya farke rigar da reza, daga wuya har ƙasa. Tururi ya tashi. Aka yi ta ɓare shi kamar albasa, ana tara kaya a gefe, har tulin ya fi wanda aka ciro daga ciki. Da aka zare takalman aka tuntsurar, sai da aka kira mai goge-goge. Yana farfaɗowa bai tambayi inda yake ba, ban-ɗaki ya tambaya, kuma gudun da ya yi zuwa can, an ce ko babur ɗinsa bai taɓa yin irinsa ba.

Kujerar dai Umair aka ba, wanda ya zo a adaidaita sahu da suwaita ɗaya, ya kuma san adadin motocin.

Amma babban mutum ba ya faɗuwa gaba ɗaya. A ranar, da Malam Tajuddeen ya dawo daga ban-ɗakin, sanye da aron rigar Bappa, sai ya tarar ma'aikata sun kewaye rigar ruwan goro suna dariya. Hajiya Bilkisu ta fito za ta wuce. Ya ga dama ta ƙarshe ta ƙwato mutuncinsa.

“Ranki ya daɗe, waɗannan ba su fita ba, ba za su gane ba. Ke da kika zauna a can, don Allah faɗa musu irin mutanen da ke sa wannan rigar.”

Hajiya ta tsaya. Ta ɗaga rigar, ta juya ta, ta karanta 'yar takardar da ke wuyanta. Fuskarta ta washe kamar ta ga tsohuwar ƙawa.

“Ikon Allah! Ai ina da irinta sak, Malam Tajuddeen. Ita na yi ta sawa lokacin ina da cikin 'yata Ikram. Ka ga robar nan ta gaba mai buɗewa? Har wata tara take ɗauka.”

Ma'aikata suka dubi juna. Bappa ya dubi rigar, ya dubi tumbin Malam Tajuddeen, ya ɗaga hannuwa sama cikin ladabi.

“To, Malam, Allah ya raba lafiya.”

Ma'aikata gaba ɗaya suka amsa, “Amin!”