Farin Garin da Na Tsinta a Butar Shayi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na so in manta, da ranar da na saɓi butar shayina na ratsa unguwa da ita kamar mai kai shaida kotu. Lokacin ban daɗe da tarewa a Mubi ba. Daga Zariya aka kawo ni, maigidana yana sana'ar yadi a kasuwa, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai famfo a tsakar gida. Famfon nan kuwa na yi alfahari da shi, don duk wanda na kira a waya sai na sako zancensa ko ba a tambaye ni ba.

Ranar da muka sauka, wata tsohuwar Bafulatana da ɗakinta ke kallon nawa, ana ce mata Dada Asta'i, ta jawo jarkar ruwa ta dire a ƙofata, ta ce sannu da zuwa. A raina na ce ikon Allah, mu a garinmu tuwo ake kai wa baƙo, su nan ruwa? Na yi murmushin 'yan birni na ce, "Ayya Dada, da ba ki wahalar da kanki ba, ai ga famfo." Ta ja jarkarta ta koma. (Ku riƙe wannan a ranku, don nan na fara tafka ta.)

Ba a jima ba abubuwa suka soma rikice mini. In goga sabulu har hannuna ya gaji, kumfa ta ƙi fitowa. Gashina da nake ji da shi ya bushe ƙayau, yana bin mataji. Wake kuwa in ɗora shi tun hantsi, har la'asar yana ƙwas-ƙwas a baki, maigidan ya ci yana yi mini kallon tausayi. Ga laulayin ciki na fari, ruwa ma in na sha sai ya dawo. Sai wata safiya na leƙa cikin butar shayi na ga wani farin gari ya kwanta a gindinta, na kankare, bayan kwana kaɗan ya dawo.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi ina kwance, na hango ta labule Dada ta ɗaga faifan randata da ke bakin ƙofa, ta tuttula wani abu daga ƙwarya, ta rufe, ta wuce sumui-sumui. Nan take na kira yayata a Zariya, wadda dama ko kaza ta yi mata kallon banza sai ta ce turo ta aka yi. "Farin gari? Gashi yana zuba? Kuma kina da ciki? Ke, tashi tsaye, an sa ki a gaba!" in ji ta. Maigidan yana kasuwar Michika a ranar, na kira shi ya ce in bari ya dawo. Ina! Wa zai tsaya jira ana neman ransa?

Na zari mayafi, na ɗauki buta, na nufi gidan mai unguwa wajen uwargidansa Hajja. Niyyata in ja ta gefe mu yi magana a asirce. Da na shiga sai na tarar da tsakar gidan cike da mata, ana gyaran shinkafar sunan jikarta. Hajja ta ce, "Amarya lafiya? Ko wuta kika zo ɗiba da buta?" Maimakon in ce mu shiga daga ciki, sai bakina ya kufce. Na buɗe buta na nuna, na zayyana komai ina shessheƙa, sabulu da gashi da wake, na rufe da cewa da idona na ga Dada Asta'i tana zuba mini magani a randa.

Hajja ta karɓi butar ta leƙa, ta miƙe ta shiga madafa, ta fito da tata ta ajiye kusa da tawa. Jama'a, farin da ke cikin tata ya yi kaurin ƙanzo. Ta ce, "To ni wa ya yi mini nawa? Ruwan bohol ɗin unguwan nan zartsi ne, 'yar nan. Shi ke hana kumfa, shi ke hana wake nuna. Kowa nan yana da randa biyu, na famfo don wanke-wanke, na daɗi don sha da girki. Ba wanda ya gaya miki?"

Wasu suka fara dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin na riga na ambaci suna, kuma kowa ya san irin wannan magana in ta manne wa tsohuwa, har jikokinta sai an nuna da baki. Maman Talatu, maƙwabciyarmu 'yar Michika, ta ajiye tire ta dube ni rai a ɓace. "Ruwa da ɗanta yake kawo mata daga Gude a mashin, shi ne take raba biyu ta zuba miki. Ta ji kina amai kullum. Ta kawo miki da farko kin ƙi, shi ya sa take yi a ɓoye, kada ki ji kunya. Ke ba ki ji ruwan randa ya canja ba?"

Wallahi na ji ya canja. Kwanakin nan ruwan randar kaɗai ke zama a cikina, ni kuwa na ɗauka addu'ar da nake tofawa ce ta karɓu. (Har na yi wa maigidan gorin ƙarfin addu'ata.)

Ina tsaye ina neman inda zan sa fuskata, sai na ji motsi a bayan ƙyauren zaure. Dada ce zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, tun shigowata tana nan. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Ta karkaɗe zaninta ta taso, mata suka zuba ido. Ta ce, "Hajja, kunne na ya tsufa, ban ji komai ba. Amarya ta zo tambaya yadda ake wanke buta ne ko? Kawo." Ta sa aka ba ta lemun tsami, ta matse a ciki, ta ƙara ruwa ta ɗora a wuta. Kafin a gama tsince shinkafa farin ya narke tas. Ta miƙo mini ta ce mu tafi gida, rana ta yi zafi wa mai ciki. Da wannan ta rufe bakin kowa, ta rufa mini asiri, alhali ni na zo tona nata.

Da muka isa na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Bingel, 'yata, tashi. In magani zan yi miki, ai ɗan ƙulli ne a leda. Don me zan karya baya na da jarka?" Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini cikin hawaye ba.

Ita ta yi mini wankan jego da na haihu, kuma ranar suna da aka tambayi maigidan sunan jaririyar, bai ko dube ni ba ya ce Asta'i, don mun riga mun gama magana. Har gobe in na tuna matar nan sai na ji ƙwalla, Allah Ya saka mata da alheri. Abin da na koya shi ne, mai son cutar da kai ba ya ɗaukar kaya mai nauyi dominka. Na kuma koyi cewa in zan yi wauta, in yi ta a hankali, a cikin ɗaki, bayan na leƙa bayan ƙyaure na ga ko waye a zaune.