Gaisuwar Suruki a Bakin Bindiga

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin da na durƙusa wa yayan matata a filin yaƙi ba. (Lokacin ba ta zama matata ba tukuna, kuma nan matsalar take.)

Wani sabon gem ne na harbi a waya, ko fitowa bai yi ba, na gwaji ne aka buɗe wa mutane kaɗan. Ni gyaran waya nake yi a Gwarzo, don haka ni na fara samu, ni kuma na cika gari da surutu. Gaskiya gem ɗin ya yi kyau. Ƙarar bindigar har ƙirji take shiga, gine-ginen kamar ka kai hannu ka taɓa. Sai dai yana shan caji ba tausayi, kuma netwok na yin tari sojanka zai tsaya ƙiƙam a tsakiyar titi. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, idan ka matso kusa da abokin gaba za ka ji muryarsa, shi ma ya ji taka. Na gaya wa kowa cewa wannan ya fi komai burge ni.

Samarin Kabo suka aiko cewa su ma sun samu, a gwada ƙarfi. Namu suka naɗa ni kyaftin ba gardama (na riga na gama gardamar tun kafin su zauna). Aka jona wayata da talbijin da lasifikar gidan kallon ƙwallo don jama'a su ga yadda gwanaye ke yi. Su kuma suna can Kabo a nasu wurin.

A lokacin ina neman auren Rabi, 'yar Gude, wani gari a ƙasar Kabo. Mahaifinta ya ce maganar tana hannun babban ɗansa, Yaya Habibu, malamin gona, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Duk zuwan da na yi gaishe shi, a tsugune nake farawa, a tsugune nake gamawa, amsarsa kuwa ba ta wuce "to, za mu duba". Ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da gem ba.

Wasa ya yi zafi, aka kakkashe juna, ya rage daga ni sai mutum ɗaya na Kabo. Na lallaɓa ta bayan wata ƙonanniyar mota, sai ga shi ya ba ni baya yana ɗura harsashi. Gidan kallo ya kaure, kowa na cewa in harba. Na ɗora yatsa. Sai mutumin ya yi gyaran murya, ya ce wa wani a gefensa ya rage fanka.

Gyaran muryar nan na san shi. Shi ne yake zuwa kafin "za mu duba".

Abin da ya biyo baya ba da shawarata aka yi ba. Yatsana ya bar madannin harbi ya koma na tsugunawa. Sojana, da hular kwano da ƙatuwar bindiga, ya durƙusa a ƙasa. Sai na ji bakina yana cewa, ta lasifika, a gaban rabin samarin Gwarzo:

"Yaya, barka da yamma. An wuni lafiya? Ina gajiya? Ya su Baba? Ina ruwa?"

Ya juyo a hankali. Ya ce lafiya lau, ruwa ya yi gyara. Ya tambayi mutanen gida, na ce suna gaishe shi. Ya tambayi kasuwa, na ce alhamdulillahi. Bai tsallake ko ɗaya ba. Sai da muka kai ƙarshe ya ce madalla, sannan ya harbe ni a ka.

Can wani daga benci na baya ya ce, "Allah ya ji ƙan kyaftin, ya mutu da ladabinsa." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ga ƙofa can nesa, ga wayata a jone da talbijin, dole na tsaya na kwance wayoyi ana kallona. Kafin kiran magariba an sauke ni daga kyaftin, an kuma sa mini suna Ina Ruwa. Har yau akwai masu kawo gyara da ba su san sunana na gaskiya ba.

Da na koma Gude, na tsuguna kamar kullum, kaina a ƙasa. Yaya Habibu ya yi gyaran murya. Ya ce an sha kawo masa labarin cewa ni mai cika baki ne, shi ya sa yake ta dubawa, yanzu da ya ga ladabina ya gama.

"Ka ce wa manya su zo. Amma harbin nan, ka bar wa masu yi."

Ranar na fara ganin haƙoransa.

Gem ɗin ya fito daga baya, kuma ina bugawa, sai dai a ƙungiyar Kabo, a bayan Yaya Habibu, ni ke ɗaukar masa jakar magani. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka yabi gem saboda yana jiyar da muryar abokin gaba, ka fara tambaya ko akwai wanda kake neman ƙanwarsa a ɗaya ɓangaren.