Rasuwar Gonar Cikin Kwamfuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, nake sanar da 'yan'uwa da tsofaffin abokan aiki rasuwar gonar marigayi ɗana, wadda ta rayu a cikin wani wasan kwamfuta, ta kuma cika a hannun kamfanin da ya sayar da ita.

Marigayiyar gona ce mai haƙuri, ba ta taɓa neman taki ba. Da an kunna ta sai zakara ya yi cara, ƙofar rumbu ta ce ƙiii, ruwa ya dinga tsul-tsul a gindin tumatir. Ɗana ne ya share ta, ya raɗa wa kowace saniya suna, ya dasa itace ranar da aka haifi 'yarsa. Bayan rasuwarsa ni da yarinyar muka ci gaba da ban ruwa duk ƙarshen mako, ita a kan kujerarsa, ni a tsaye ina gyara tabarau.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Kamfanin ya buƙaci mai asusun wasan ya nuna fuskarsa ga kyamara. Ni kuwa, da na tsufa a ofishin da ba a barin sunan mamaci a kan fayil, sai na rubuta musu cikin ladabi cewa mai asusun ya riga mu gidan gaskiya, a mayar da gonar ga magajiyarsa. Suka amsa da ta'aziyya mai kyau ƙwarai. A sakin layi na biyu suka bayyana cewa ɗana bai taɓa mallakar gona ba, aro aka ba shi, kuma ba a gadon aro. Kafin in kai ƙarshen saƙon sun rufe ƙofa.

Ta rasu ta bar lambar katin bankin ɗana, da adireshin gidanmu, da lokutan barcinsa da tashinsa, da duk hirar da ya taɓa yi da abokan wasansa. Waɗannan suna nan cikin ƙoshin lafiya a wurin kamfanin, wanda ya ce su kam ba aro ba ne. Ta kuma bar jikata, wadda har yanzu ba ta sani ba. Jiya ta kira ni a waya: "Kaka, ka dai ba tumatirin Abba ruwa ko? Kar in zo in tarar ka yi lalaci, tsoho!" Na ce mata ba na jin ta sosai.

An hana mu gawa, saboda haka babu ɗauka. Za a yi zaman makoki a falona ranar Asabar, a gaban allon kwamfutar da ke cewa ba a san wannan suna ba. Surukata za ta kawo yarinyar da hantsi. Ana roƙon masu zuwa kada su yi mini gaisuwa a bakin ƙofa, inda za ta ji. Wanda ya iya magana da yara, don Allah ya riga ta isowa.