Masarar Kawu a Zauren Jarrabawa

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare bincikena a jami'a ba, ranar da muke ce wa sutanans.

Aikin nawa wasu 'yan na'urori ne kamar akwatin ashana, masu auna zafi, suna miƙa wa juna saƙo ba waya har ya iso kwamfutata. In zafi ya yi yawa su yi ƙara. Don masana'antu na tsara su, amma wace masana'anta za ta buɗe wa ɗalibi ƙofa? Sai na dasa su a sito na masarar Kawu Iliya, yayan mahaifiyata, a kasuwar Dantokpa.

Ranar, rabin unguwarmu ta Zongo ya biyo ni (lokacin kamfen ne, har mai gadi ya zaci wani ɗan takara muka rako). Kawu ya zauna a sahun gaba da babbar riga, kusa da jakar da Inna ta zuba kulolin waina don walima.

Na gyara kwat, na ce da malamai yanzu za su ga zafin sito kai tsaye. Na danna. Allo ya nuna zafin da ko tsakar rana a kan kwalta ba a samu, kuma yana hawa.

Kaina ya ɗaure. Na kashe, na kunna. Yana nan. Shugabar malaman ta sauke tabarau ta ce, "To, muna jin ka."

Maimakon in ce ban gane ba, sai bakina ya kama aiki shi kaɗai. Na yi bayani da Faransanci mai kauri cewa danshi ya shiga masarar, tana ruɓewa, har tana iya kamawa da wuta. Wani ɗan'uwa ya fassara wa Kawu a kunne.

"Innalillahi! Masarata!" Kawu ya miƙe zumbur. "Ku tsayar mini da mai babur, zemijan!"

Nan take ƙara ta tashi, ƙit-ƙit-ƙit. Na duba kwamfuta, na duba aljihuna, har ƙarƙashin tebur na leƙa. Ta yaya zan ji ƙarar Dantokpa daga nan? Wallahi har aljanu sun zo mini a rai.

Inna ce ta buɗe jakar. Ga na'urorina duka, har uwarsu mai aika saƙon, kwance a kan wainar da ke tururi.

"Kawu, me ya kawo su nan?"

"Ni na cire su da safe," ya ce, yana mamakin tambayar. "Yaro, wa ke zuwa jarrabawa ya bar aikinsa a sito?" Sai ya rage murya. "To masarar fa, ta ƙone ko ba ta ƙone ba?"

Zauren ya ruɗe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar shugabar ta iya cewa aƙalla na'urorin ba su yi ƙarya ba, mai su ne ya yi ta zuba. Sun ba ni nasara, amma har yau a Zongo "Injiniyan Waina" ake kirana.

Na ɓata shekaru ina koya wa ƙarafa yadda za su fahimci juna, ban taɓa zama na minti biyu na faɗa wa Kawu abin da suke yi a sitonsa ba. Yanzu duk inda zan dasa na'ura, da mai wurin nake fara haɗa layi.