Boron Ɗin Borno

Duk unguwar Tumfure ta Gombe babu masani irin Malam Bamanga, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Kemistiri yake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Yana da farar rigar ɗakin gwaji wadda ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba, amma ta halarci ɗaurin aure ya fi goma. Ɗalibai kuwa Farfesa Takwas suke ce masa.

"Ku rubuta!" in ji shi. "Kowane atam a duniya sai ya tara ilektaron takwas a bayansa yake samun sukuni. Ni na faɗa, kimiyya ta sa hannu."

Hamida, wadda rikici ya koro su daga Borno bara, ta ɗaga hannu. "Malam, to boron fa? In ya haɗu da fulorin uku, ai shida gare shi."

Farfesa ya cire tabarau don ya ga mai wannan ganganci. Ya soke sunanta daga jerin masu zuwa gasar kacici-kacici, ya ce kada ta sake taka ajinsa sai da iyayenta.

Washegari uwarta Ya Falmata ta zo, hannunta duk ƙamshin turaren wutar da take sayarwa a unguwar Arawa. Farfesa ya gayyato shugabar makaranta, Madam Lois, ta shaida tarbiyya. Rabin awa ya yi yana jawabi a kan hatsarin ƙaramin sani.

"Malam, a ara mini alli," in ji Ya Falmata.

Ta zana boron a tsakiya, fulorin uku kewaye da shi, ta sa aji ya ƙirga. Shida. Ta ƙara da beriliyom, aka ƙirga huɗu. Ashe shekara goma sha bakwai ta yi tana koyar da darasin kafin a ƙone makarantarsu.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Farfesa ya gyara murya.

"Ai wannan boron ɗin Borno ne, rikici ya taɓa shi. Namu na Gombe lafiyarsa ƙalau."

Hamida ta je gasa. Ya Falmata ta karɓi ajin ran Litinin. Shi kuwa Farfesa, yana gaya wa kowa an ɗaga likafarsa zuwa Babban Jami'in Kula da Lokaci. Ƙararrawa yake kaɗawa.